Amanar Na'ura Mai Mantuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Rahma 'yar Malam Dabo, ta Birnin Gwari, na rubuta wannan da hannuna, hankalina cikakke, ko da yake ciwon ƙoda ya ci ƙarfin jikina. Zuwa ga 'ya'yana, Muttaka da Nafisat.

Na ɗaya. Gida da gonar Tabanni, a raba yadda shari'a ta tsara. Ba ni da ta cewa. Kayan aikin shagonmu na na'urori kuwa, a fitar daga sulusina a ba Obed, wanda ke haɗa mana na'urori tun farko.

Na biyu shi ne ya hana ni sukuni. Ƙaramar na'urar shiga intanet da muke sayar wa manoma da makiyaya, ni na rubuta manhajar da ke tafiyar da ita, kuma a kan mantuwa na gina ta. Da an kashe ta, ba ta riƙe suna, ko kalmar sirri, ko shafin da aka buɗe. Na yi haka ne bayan 'yan bindiga sun tare kawunku a hanyar Dogon Dawa, suka bincika wayarsa, suka ga saƙon banki da lambobin danginmu na Kaduna. Wayar ce ta faɗa musu darajarsa. Bai dawo ba.

Muttaka, na ji hujjarka ta neman a sa na'urar ta riƙa tunawa: masu saye sun gaji da sake shigar da komai kullum, suna komawa ga waya, shago na durƙushewa. Gaskiya ka faɗa. Ni ma ina tuhumar kaina, ko na gina wa mai saɓo mafaka ne, ya kalli haram ya kashe, babu shaida. Ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba, kuma da tambayar zan tsaya gaban Ubangijina. Amma muddin ana tare hanya, kada a koya wa na'urar nan tunawa.

Na uku. Makullin sa hannu, wanda in babu shi na'ura ba ta karɓar sabuwar manhaja, amana ce, ba gado ba. Na raba shi biyu, rabi gare ka, rabi ga ƙanwarka. Ɗayanku ba zai iya fitar da sabuwar manhaja shi kaɗai ba. Nafisat, ban ba ki don ki ƙuntata wa yayanki ba. Gabar da kuke yi tun ƙaramar sallah a kan wannan magana, ina so ta ƙare kafin a ɗauke ni. In kuka ƙi, na'urorin da ke hannun mutane za su tsufa babu gyara, alhakinsu na wuyanku, da wuyana ni da na raba. Wannan nake tsoro.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku gida da daji, ya gafarta mini. Kada ku bari gidan nan ya watse. Duk lokacin da za ku sa hannu, ku zauna tabarma ɗaya, ku karanta kowane layi na manhajar tare, kamar ɗayanku ne ke cikin motar da za a tare.