Na Wuce Nura a Gangara

Asabar, bayan isha'i

Cinyoyina ciwo suke, barci kuma ya ƙi zuwa.

Da safe ni da abokan hawana muka fita da kekuna daga Kwamba, muka zaga bakin tafki, muka nufi tuddan hanyar Lambata. Nura, abokin aikina mai sabon keken tsere, yau ma bai ƙyale ni ba. A gaban kowa ya dafa tumbina ya ce, "Malam Sabo, wannan buhun ne zai hau tudu?" Har Emeka, ɗaya daga cikinmu da nake ganin mutuncinsa, sai da ya yi dariya.

Suka bar ni a baya. Ni kaɗai na hau tudun, ina haki kamar raina zai fita.

A gangara na tarar da Nura kwance a gefen kwalta, kekensa a rami, gwiwa duk jini. Sauran sun yi nisa. Ya ce, "Sabo, don Allah tsaya, ba na iya ɗaga hannuna."

Na rage gudu, na ƙare masa kallo. Na ce, "Buhu ba shi da birki, Nura." Na wuce.

Ɗazu matarsa ta kira tana kuka. Kafaɗarsa ta karye, sai da rana ta take wani mai Napep ya tsince shi. Ta ce in sa shi a addu'a, tunda ni ne amininsa. Ashe bai gaya mata ba.

Gobe zan je dubiya da lemo. Ina so in ga yadda zai yi mini godiya a gabanta.