Zakarana Ya Mutu, Na Bar Laifin a Kan Matar Ƙanena

Goggo Adama, bayan gaisuwa da fatan alheri, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Ki daure kada ki yi dariya kafin ki kai ƙarshe, domin maganar zakara na kawo miki. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Bukkuyum, shekaruna sun haura hamsin. Direban da ke zuwa Gummi ne yake kawo mana jaridarku, wani lokaci sai ta yi mako biyu da fitowa, amma filinki ba ya wuce ni. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne.

Matata ta rasu shekara uku da suka wuce, 'ya'yana mata biyu kuma suna gidajen mazajensu. Gida ɗaya muke da ƙanena Maharazu, gidan da mahaifinmu ya bar mana, ko danga babu tsakaninmu. Matarsa Habsu ce take ba ni abinci tun ranar da aka share makoki. Ba wanda ya sa ta, kuma ban taɓa ganin ta ɓata fuska ba.

Bazarar da ta biyo bayan rasuwar, Fulanin da suka zauna mini a gona don taki suka tashi. Da na je duba wurin sai na tarar da wani zakara ƙarƙashin wata rusasshiyar bukka, ƙafa ɗaya a karye, da alama saniya ce ta taka shi, gashin wuya duk ya tuje, sai ƙashi da ido. Ba zai iya tafiya ba, kuma babu naman da za a ɓata wuƙa dominsa, shi ya sa suka bar shi. Na naɗo shi a rigata. Na ɗaure ƙafar da sillen kara da tsumma, ina shafa mata man kaɗe, ina tono masa gara a bayan gida, ina zuba masa tsaki a wata tsohuwar sakaina. Ya yi wata biyu ko ƙwak bai ce ba. Ranar da ya fara cara, da wata murya kamar ta mai mura, wallahi sai da na yi ƙwalla.

Na sa masa suna Arɗo, saboda asalinsa da kuma yadda yake taku da isa duk da ɗingishinsa. In zan fita sai ya raka ni zaure, in na dawo yana jin ƙarar kekena zai taho a guje, yana tangaɗi. Mutanen gari suka ce na yi amarya. Sallah biyu Maharazu yana wasa wuƙa a gabana yana kallonsa don ya tsokane ni. Ni dai na san tun da aka fitar da matata daga ɗakin nan, babu wanda yake jiran dawowata sai shi.

Amma Arɗo ɓarawo ne, ba zan ɓoye ba. Habsu tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi kuma bai san wata shanya da ta fi ƙarfinsa ba. Wata rana ya kifar mata da kwanon mai cike, a gaban matan da suka zo saye. Ranta ya ɓaci ta ce, “Wallahi randa zakaran ga ya koma taɓa mini kaya, ba ya kwana duniya.” Aka yi dariya, har da ni.

To bana, da aka yi ruwan shuka na farko, na tashi da gaggawa don kada ƙasa ta sha iska. Na cuɗa irin dawa da jan garin maganin nan da ke hana ƙwari da tsuntsaye tone shuka. Ƙwaryar ta cika har ta yi yawa, sai na rage kamar tafi biyu a cikin abin da ya fi kusa da hannuna, na tura ƙarƙashin rumbu da niyyar in ɗauka da yamma. Da azahar na dawo na iske Arɗo a miƙe a ƙofar ɗakina, kumfa a baki. Ko damar yanka shi ba a samu ba. Habsu tana tsakar gida da mata uku masu saye. Na dube ta, na ɗaga murya na ce, “Wadda tay yi alkawali ta cika shi.” Sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shiga ɗaki.

Da la'asar na je ɗaukar ragowar irin. Goggo, sakainarsa ce. Sakainar da ni da hannuna na koya masa ci a cikinta, shekara biyu. Babu ko ƙwaya goma da ta rage. Na daɗe a tsugune a wurin. Sannan na ɗauke ta na jefa a masai, na binne Arɗo a gindin rumbu, na ja bakina na yi shiru.

Yau wata biyu da kwana tara. Maganar ta zagaye gari, an ce wadda ta iya sa wa zakara guba, wa ya san abin da take zubawa a mai. Masu sayen ƙuli sun ɗauke ƙafa, yanzu sai ta yi mako ba ta hura wutar suya ba. Maharazu ba ya haɗa ido da ni, a masallaci ma ya sauya sahu. Ya fara tara itace, an ce mini da an yi kaka zai ja danga ya raba gidan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yau Habsu ba ta fasa ajiye mini tuwo a ƙofar ɗaki ba. Sau ɗaya kawai ta yi magana, tana juya baya ta ce, “Yaya, ko tambayata ba ka yi ba.” 

Kuma ga kunya, har yanzu kewar zakaran ba ta sake ni ba. In na shigo da keke sai in rage gudu a zaure don kada in taka shi. Shin hauka ce dattijo ya yi kukan kaza? Na yi tunanin in ce wani malamin dabbobi ya gaya mini cuta ce ta kashe shi, kowa ya huta, ba sai na tsaya da furfurata na ce ni ne ba. Ko in saya wa Habsu buhun gyaɗa in yi shiru? Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi.

Naki, Mai Nadama, daga ƙasar Bukkuyum.

AMSAR GOGGO ADAMA

Malam Mai Nadama, ban yi dariya ba. Ka tsinci halitta a wulaƙance ka yi jinyarta, ina fatan Allah Ya ba ka ladan wannan. Kukanka ba hauka ba ne. Zakaran nan ya zo maka a lokacin da ɗaki ya yi maka faɗi, kuma ina zaton rabin hawayen da kake yi masa na marigayiya ne da ba ka gama zubarwa ba. Mutuwarsa kuskure ne na gaggawar shuka, ba ka nufe shi da sharri ba, ka daina azabtar da kanka a kansa.

Ko maganar da ka yaɓa wa Habsu da azahar zan iya yi maka uzuri kaɗan. Ta taɓa furta abin da bai kamata ba, kai kuma kana cikin zafin rashi. Amma daga la'asar ɗin ranar zuwa yau ba ka da uzuri ko ɗaya. Ka san gaskiya, ka jefa shaida a masai, ka bar baiwar Allah tana ɗauke da sunan mai guba, tana kuma ciyar da kai.

Batun malamin dabbobi ka bar shi, ƙarya ce za ka ɗora a kan wata, kuma matan da suka ga kumfa ba za su yarda ba. Buhun gyaɗa ma ba shi da amfani ga wadda ba a sayen ƙulinta. Ka kira Maharazu ku biyu ka faɗa masa komai, har da sakainar. Sannan ka roƙi Habsu gafara a gabansa, ba tare da ka tuna mata abin da ta taɓa faɗa ba. Daga nan ka bi gidajen matan nan uku da ƙafarka, tunda a gabansu ka yi maganar, ka kuma faɗa a ƙofar masallaci inda mazajensu za su ji. Ranar da ta koma suya, kai za ka fara saye, ka zauna a bakin hanya ka ci kowa yana gani. Za a yi maka dariya na mako ɗaya ko biyu, ka daure.

Maganin irin nan kuwa, kai da duk manomin da ke karanta mu, a ware masa mazubinsa, a rataye shi sama. Gidajenmu akwai yara masu rarrafe.

Kada ka sa sharaɗin sai ƙanenka ya fasa jan dangar. Mai yiwuwa su yafe nan take, mai yiwuwa a ɗauki lokaci, wannan hakkinsu ne. Amma kada ka jira kaka. Ka ce jarida takan yi mako biyu kafin ta iso ku, to ka sani kwana goma sha huɗu ke nan aka ƙara wa Habsu a kan laifin da ba ta yi ba. In ka gama karanta wannan, ninke takardar ka tashi ka nemi ƙanenka.

Allah Ya jiƙan maiɗakinka, Ya sanyaya zuciyar Habsu, Ya bar gidan mahaifinku a haɗe.

Taku, Goggo Adama.