Matan da ba su zo awon jini ba

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, unguwarmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, ni kaɗai nake ta juya abin nan a raina.

Ni 'yar Maamobi ce a Accra, ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, bincikena a kan hawan jini ne a tsakanin matan Zango, wato unguwar Hausawa irin tamu. Da zan fara sai Mma, mahaifiyata, ta kai ni wurin Magajiya, shugabar matan unguwa, don kun san ba a faɗa wa gidajen mutane da tambayoyi sai babba ya yi maka iso. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, amma ta ce 'yarsu ba za ta yi yawon gida-gida a rana ba, ita za ta tara min mata. Aka yi ta sanarwa a wurin suna da makarantar Asabar, wai likita za ta yi awon jini kyauta. Ni ba likita ba ce, na faɗa har na gaji. To su wa za su zo? Mai jiri, mai ciwon kai, mai kumburin ƙafa, kowa ta jawo tsohuwarta. Masu jini a jika kuwa, masu sayar da koko da masu ɗaukar kaya a kasuwar Tudu, tun asuba sun hau trotro, motar haya, sun tafi nema. Ni kuma daɗin ganin dogon layi ya ɗebe ni.

Sakamako ya nuna hawan jini ya yi mana katutu fiye da sauran unguwannin Accra. Malamin da ke duba aikina ya nuna wa wata ƙungiya, suka ce in dai rahoton ƙarshe ya tabbatar da haka, za su riƙa kawo mana nas da magani duk wata.

Sai na yi wani gwaji a manhajar lissafi, na auna ƙarfin sakamako. Za ka ce wa kwamfuta, a ce matan da ba su zo ba sun ɗan fi waɗanda suka zo lafiya, me zai faru? A ce sun fi su sosai fa? Ita kuma ta sake lissafi. Wallahi ina ɗan matsawa kaɗan, bambancin nan da ke tsakaninmu da sauran unguwanni ya narke kamar sukari a koko. Na juya ta nan, na juya ta can, amsa ɗaya ce, marasa lafiya na tara na kira su matan Zango.

Na kai wa malamin, ya ce ba binciken da ba shi da tabo, in rubuta layi ɗaya a can ƙarshe inda ba mai karantawa. Na ce wannan ai ɓoyewa ne, ya ce taurin kaina zai hana mutanena magani. Na yi wa Mma bayani, ta ce au, wato matan da suka zo ƙarya suke yi? Na ce ba haka ba ne, ta ce boko ya sa na raina su, ta tashi ta bar min tsakar gida. 'Yan ajinmu ba wanda ya taɓa shiga Zango, su a wurinsu lissafi ne kawai. 'Yan gida kuma ba mai gane abin da kwamfutar ta ce. Ina cikin gidan haya cike da mutane, amma ba ni da wanda zan gaya wa, kaɗaici ya ishe ni.

Magajiya har ta fitar da yayi, atamfar da za a saka ranar da za a fara kawo nas da maganin, Mma ta kai tata ɗinki. Jiya duk da fushin da take yi da ni, ta miƙo min hannu, na auna ta, jinin ya hau sosai. Nata gaskiya ne, kuma maganin nan tana buƙatarsa.

Mako mai zuwa zan miƙa rahoto. In sa gwajin nan a fili, wataƙila ƙungiyar ta janye, a ce 'yar gida ce ta kori magani daga Maamobi? Ko in tura shi can ƙarshe, in saka yayi in zauna kusa da Mma, ina sane? Ku da ku ne ni, wanne za ku yi?