Ɓauren Lukre

Komiža, 9 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Perina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Ni lafiya lau, sai dai zuciya.

Kin tambayi yadda ta kaya tsakanina da maƙwabciyarmu Lukre. Na yi nasara, Yaya, kuma ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Kin san rijiyar da Baba ya gina ta tara ruwan sama ta soma yoyo bara. Na rantse saiwar ɓauren Lukre ce ta fasa ta, ɓauren da marigayi mijinta ya dasa. Lauya ya ce wanda ya kai ƙara shi ke kawo hujja, kuma nuna ɓarna bai isa ba, sai na nuna abin da ya jawo ta. Na haƙa gindin katanga, na ɗauki hoton saiwoyi, na kawo magini ya ba da shaida. Ita ko lauya ba ta ɗauka ba. Alƙali ya tambaye ni diyya nake so ko a cire bishiyar. Girman kai ya sa na ce a sare.

An sare a watan Mayu. An yi ruwa, rijiya ta ci gaba da yoyo.

Da na shiga ciki da fitila na ga tsagar tana ɗaya gefen, inda na yaɓa siminti shekara uku da suka wuce. Sau nawa Baba ya ce dutsen rijiyar nan farar ƙasa kaɗai yake karɓa, siminti tsaga shi yake yi? Na ɗauka surutun tsofaffi ne. Da hannuna na fasa ta.

Na koma wurin lauya. Ya ce ba kotun da za ta iya mayar da bishiya mai shekara arba'in, in yi shiru kawai. Har yau ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Jiya da rana Lukre ta shigo da bokiti biyu daga rijiyarta, tana haki. Ta ce, "Jerko, na ji taka ta ƙafe. Karɓi, mutum ba ya zama ba ruwa a wannan zafin."

Na karɓa, Yaya. Gobe zan je in faɗa mata gaskiya, ki yi mini addu'a kada ƙafata ta juya a ƙofarta.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Jerko