Rasuwar Alhaji Barau Abdurrahim Buji, Sarkin Allonmu

Cikin alhini da kaɗuwar da har yau ba ta sake mu ba, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Majalisar Masu Kallon Gasar Brazil ta Dutse tana sanar da 'ya'yanta da sauran al'ummar Musulmi rasuwar wanda ya assasa ta, uban ƙungiya kuma Sarkin Allo, tsohon malamin Labarin Ƙasa, Alhaji Barau Abdurrahim Buji, wanda Allah Ya karɓi ransa a daren Lahadi, takwas ga Disamba, 2024, yana da shekara sittin da uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin bai yi jinya ba. Ya yi sallar isha'i cikin jam'i a masallacin unguwarsu, ya dawo gida ya zauna a kan tabarma, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kuma kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Ranar Juma'a muna tare da shi yana tsokanar kowa, shi ya sa har yanzu wasunmu suke maimaita tambayar ko da gaske ne.

Alhaji Barau ya kafa wannan Majalisa a shekarar 2013, lokacin da duk gidajen kallon Dutse ba su san wata ƙwallo ba sai ta Ingila, kuma mutane suka yi ta dariya cewa malam ya rasa abin yi ne tunda ya fara hango ritaya. Da benci uku da talabijin ɗaya ya fara. Da yake babu wanda kakansa ya fito daga Brazil, sai ya rubuta sunayen ƙungiyoyin gasar guda ashirin a 'yan takardu, ya zuba a cikin hularsa, kowa ya sa hannu ya zara, kuma abin da ka zara shi ne naka har abada. Shi Botafogo ya zaro. Sau biyu ta faɗa rukuni na biyu a kan idonsa, sau biyu muka yi masa tayin ya sake zara saboda girmansa, ya ƙi. Shi ne yake rubuta teburin gasar da alli a babban allo bayan kowane mako, zagaye talatin da takwas a kowace kaka, da rubutun nan nasa na malaman da, kuma kafin a take wasa sai ya nuna mana garin da ake bugawa a tsohuwar taswirar da ya taho da ita daga makaranta. Direbobin adaidaita sahu da ma'aikatan sakatariya da ɗaliban jami'a sun zauna a benci ɗaya saboda shi, kuma bai taɓa yarda a kunna talabijin ba sai an idar da salla.

A bara ne muka ga ƙarshen haƙurinsa, wato muka ga ba shi da ƙarshe. Ƙungiyarsa ta ba da tazarar maki goma sha uku a saman teburi, sannan ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare a ta biyar, Palmeiras ta ɗauke kofin. Ni mai sa hannu a wannan takarda, Palmeiras na zara, kuma ba zan ɓoye ba, babu wanda ya matsa masa da tsokana kamar ni. Da hannunsa yake sauko da sunan ƙungiyarsa kowane mako, yana gogewa yana murmushi, har ya kan ce da ni, “Misbahu, riƙe mini allin nan, dariyarka ta fi rubutuna sauri.”

Wajibi ne Majalisa ta yi wa jama'a bayanin abin da ya faru da safiyar Litinin a ƙofar gidan marigayin, domin mutanen unguwa sun gani, kuma labarin ya zaga gari ta bakuna daban-daban. Muna da doka, wadda shi da kansa ya kafa don hana zagi da ɓacin rai, cewa duk wanda ƙungiyarsa take kan gaba a ranar wasan ƙarshe, ba ya zuwa gidan kallo, ba ya kiran kowa, ba a kuma kiransa. Idan ta ci, washegari da safe sai a ɗora allon a kan adaidaita sahu a kai masa har gida, an bar layin farko babu rubutu, shi zai cike shi da hannunsa, sannan ya ciyar da jama'a koko da ƙosai. A bana Botafogo ce ta shiga makon ƙarshe da maki saba'in da shida, Palmeiras tana biye da saba'in da uku. Don haka da muka ga kujerarsa babu kowa a ranar Lahadi, ba mu ga wani abin damuwa ba. Botafogo ta ci São Paulo biyu da ɗaya, ta ɗauki kofin da ta yi shekara ashirin da tara tana nema, muka yi ta tafi muna kiran sunansa, alhali a daidai wannan lokaci an riga an rufe masa ido.

Sau huɗu wayata ta yi ƙara da sunansa, biyu a daren, biyu bayan sallar asuba, har da saƙo guda. Na duba na yi dariya, na ce Sarkin Allo ya kasa haƙuri zai karya dokarsa don ya rama abin da na yi masa bara, na kife wayar ban buɗe ba. Ashe babban ɗansa ne, Malam Saifuddeen, yake nemana da wayar mahaifinsa domin in sanar da Majalisa lokacin jana'iza. Wannan laifina ne ni kaɗai, kuma ina faɗarsa a bainar jama'a.

Da ƙarfe takwas na safe muka shigo layin gidan da adaidaita sahu bakwai, muna danna oda muna busa usur, allon yana ɗaure a ta gaba. Sai da muka karyo kwana muka ga tabarmi da butoci da dattawa a zaune, ga makara jingine da bango. Babu wanda ya iya saukowa. Yayan marigayin, Baffa Mu'az, shi ya taso ya zo har inda muke, bai ɗaga murya ba, ya ce, “Ku sauke allon ku jingine shi a zaure, ku zo ku yi alwala, yanzu za a fito da shi.”

Majalisa tana neman gafarar uwargidan marigayin, Hajiya Rakiya, da Baffa Mu'az, da Malam Saifuddeen da ƙannensa, da 'yan uwa na Buji, da dukkan maƙwabtan da hayaniyarmu ta faɗo musu a cikin makoki. Ba mu da hujjar da za ta wanke mu. Muna kuma godiya ga Hajiya bisa saƙon da ta aiko mana ranar addu'ar uku, cewa kada mu tafi da nauyi a zuciya, domin tun la'asar ɗin Lahadi Alhaji ya sa ta jiƙa wake na mutum talatin, yana cewa yaransa za su zo da safe kuma da yunwa za su zo. Ashe wannan waken ne maƙwabta suka niƙa suka toya ƙosai a ranar Litinin ɗin, aka raba wa masu zaman makoki. Mun ci, kuma babu wanda ya iya kallon ɗan uwansa.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Alhaji Barau, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya kuma kyautata namu ƙarshen.

Majalisa ta yanke shawara biyu. Allon zai zauna a zauren gidan marigayin muddin iyalansa sun amince, da layin farko a yadda yake, domin wanda yake da haƙƙin cike shi ya tafi bai san ya ci ba. Dokar hana kira kuwa an soke ta daga yau. Duk ɗan Majalisar da ya ga sunan ɗan uwansa a wayarsa, ko wace rana ce, ya ɗauka.

Sa hannu:
Misbahu Sharhabilu Garki
Kakakin Majalisar Masu Kallon Gasar Brazil, Dutse
Alhamis, 12 ga Disamba, 2024