Ƙwaron Silifas

Zuwa ga Yaya Hamisu,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babban wa, ina sanar da kai, tare da duk masu leƙen wasiƙar nan ta bayan kafaɗata, cewa yau Asabar, a hawa na shida na wani bene a unguwar Edmonton ta London, ni ƙaninka, wanda jama'a suka sani da alƙalami, na kammala ɗaura ƙwaron ƙarya guda a jikin ƙugiyar kamun kifi. A rubuta a ajiye saboda 'yan baya.

Yau kwana goma sha tara da muka kai ka makwancinka. Council, hukumar da ke da gidan, sun rubuto suna son makullin flat ɗinka ranar Litinin. Na naɗe darduma, na raba tufafinka, na wanke firij, duk kamar mai kwashe kayan baƙo. Mutane suna yaba haƙurina, ina godiya. Ni dai na san ba haƙuri ba ne. Ba na jin komai ne kawai.

Teburin bakin taga ne ya gagare ni. Ka bar ƙugiya a bakin ƙarfen da ke matse ta, zare yana reto, ka yi wa ƙwaron ciki ba ka yi masa baya ba. Sau huɗu ina ɗauko kwali ina mayarwa.

Na yi maka tsiya a kan sana'ar nan har na gaji. Jikan masuntan Yawuri, wanda kakansa ke cika kwalekwale da giwan ruwa, ya zo London yana yanka soso yana ƙera fara ta ƙarya don ya yaudari kifi, in ya kama kuma ya sake shi! Sau biyu na rubuta haka, duniya ta yi dariya. Kai dai cewa kake, “Malam Surutu, kifin nan sama yake kallo. Sai ƙwaron ya zauna a kan ruwa kamar mai jiran bas.”

Yau na zauna a kujerarka. Kakan ce, “Zagaye uku, a hankali. In ka ja da ƙarfi zaren ya yanka soson.” Na ja da ƙarfi, ya yanka. Na sake, ya sake. Kafin azahar babban marubuci ya gama da duk soson da ka bari.

Sai na tuna ka taɓa cewa babu soso kamar na silifas ɗin gida, ba ya shan ruwa. Ga shuɗayen silifas ɗinka na alwala a ƙofar banɗaki, su kaɗai na manta ban kwashe ba. Na ɗauki reza na yanki siririn ɓalli daga gefen na hagu. Sai da na gama na lura da gurbin diddigenka, da na babban yatsa, da yadda ya cinye ta waje saboda karkacewar tafiyarka.

Na zauna a ƙasa riƙe da shi. Butar shayi ta tafasa ta kashe kanta. Ban yi kuka ba, Yaya, kada in yi maka ƙarya. Na dai kasa tashi.

Da na tashi, zagaye uku ya wadatar. Na yi masa ƙafafu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na ajiye shi a kwanon ruwa, bai nutse ba, sai dai a karkace yake zaune. Daga nan na iya naɗe teburin. Litinin za su ga makullinsu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya yafe maka, ni ma Ya yafe mini dariyar da na sa aka yi maka.

Ƙaninka,
Malam Surutu

Ƙarin bayani: bisa laifin lalata takalmin mutum ba da izininsa ba, na gurfanar da kaina, na amsa laifi, na ci kaina tara. Zan riƙa alwala da silifas ɗin nan, da giɓinsu, ko da yake sun yi mini yawa, har ranar da suka tsinke. Ban ɗaukaka ƙara ba.