Shawarar Kawu Sale

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya maigida da yara? Mu nan Rikkos lafiya lau.

Kin tuna bara Kawu Sale ya matsa wa 'yata Hauwa ta zaɓi jami'ar nan mai suna, ya ce ta jiha mai araha ba ajinta ba ce? Makinta bai kai ba, ta zauna shekara guda a gida. Ashe ta jihar ya kai ɗansa, ba ya son su yi gogayya. Bana ta nemi ta jihar, ta samu likitanci. Wallahi ban yafe ba. Ranar walima shi zan miƙa wa takardar ya karanta wa jama'a.

Ki gaishe da kowa, ki sa mu a addu'a. Shi ma ki roƙa masa tsawon rai, ya ga ranar da Hauwa za ta duba shi a asibiti.

Ƙanwarki,
Talatu